Kwamfutar Baffa Belgasim da Baƙin Juma'a

Nafta, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Ulfa,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Innarki Mabruka. Muna nan lafiya. Gwiwarta ta yi sauƙi, har ta koma yawon gidajen mutane. Ni kuwa ban da kunnuwan nan da injin ban-ruwa ya cinye mini tun kina goye, ba abin da ke damuna. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, dabino ya yi 'ya'ya kore shar, sai godiya.

Bayan haka, kwamfutar da kika kawo mini da kaka ta ƙi intanet, yau kwana uku. Tana tashi lafiya lau, hoton marigayi mahaifinki yana nan a fuskarta, amma in na danna inda nake ganinki sai ta yi ta juya wani ɗan zobe har shayina ya huce. Wayar Innarki kuwa garau take, don tun safe take kallon matan da ke dafa abin da ita ba za ta taɓa dafa mana ba. Shi ya sa na rubuta a takarda, ta ɗauki hoto ta turo miki. Haruffan waya sun yi wa yatsuna ƙanƙanta.

Kin san abin da ke gabanmu. Juma'a ta sama mahaifin Mu'iz da 'yan'uwansa za su taso tun daga Susa su zo neman aurenki a hannuna. Kin ce yaron ba zai iya barin Kanada ba sai takardunsa sun fito, za a nuno shi ta kwamfuta. To, ki saurara da kyau. Ni ba da kunne nake jin mutum ba, bakinsa nake kallo. A waya kan mutum bai fi ƙwayar dabino ba, leɓɓansa ko motsinsu ba na kamawa. Ke amanar ɗan'uwana ce, ba zan ɗaga hannu a yi fatiha a kan yaron da ban ga maganarsa ba. Ba ƙin sa nake yi ba, ban san shi ba ne. In ba a gyara ba, sai baƙin su ci kuskus su koma, a sake sa rana.

Ke ce kika tafi har ƙasar ƙanƙara kina gyara wa mutane irin wannan abu. To, ga ta gida ta samu.

Ni ne Baffanki,
Belgasim

*

Montiriyal, Talata

Baffana,

Na ga wasiƙarka, ko da yake babban yatsan Inna ya rufe layi biyu. Na ji daɗin labarin gwiwa. Ni ma lafiyata ƙalau, aiki ne dai ba ya ƙarewa. Mu'iz yana gaishe ka, kuma tun da na karanta masa maganar a ci kuskus a koma, bai ƙara cin abincin kirki ba.

Ka kwantar da hankalinka, da sauran kwana goma. Ka tuna yadda kake yi in wani ya zo yana faɗa cewa lambunsa bai sami ruwa ba? Ba ka taɓa injin sai ka tambaya ko maƙwabtansa sun samu. Tun da wayar Inna tana aiki, rijiyar lafiya take, wato akwatin nan mai 'yan fitilu da ke kawo intanet gidan. Matsalar tana tsakaninsa da kwamfutarka.

Duk da haka mu fara da abu mai sauƙi. Ka zare akwatin daga wuta, ka ƙirga talatin, ƙirge na gaskiya, ba irin wanda kake yi mana muna yara in muna wasan ɓuya ba, sannan ka mayar. Ita ma kwamfutar ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa. Daga nan ka duba can ƙasa kusa da agogo, akwai wata 'yar alama. Ka gaya mini kamanninta, kuma ka danna ta ka rubuto mini sunayen da suka fito. Sunanka na sa wa akwatin gidanmu, don haka ya kamata ka ga Belgasim a ciki.

Sai tambaya ɗaya. Kafin abin ya faru, an taɓa wani abu? An ɗauke wani abu daga wurinsa, ko an yi shara an ja wani kebul?

Baffa, ni ma ba na son a yi fatihar nan ba ka gan shi ba. Ina so ka gan shi sosai, don na san abin da za ka gani.

'Yarka,
Ulfa

*

Nafta, Laraba

'Yata Ulfa,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai dai Innarki ta ce in gaya miki yatsanta ba shi da laifi, takardar ce ta cika faɗi.

Na yi duk abin da kika ce. Na ƙirga talatin, Innarki ta ce na tsallake daga sha tara zuwa ashirin da biyar, na sake. Ba abin da ya canza. Alamar da kike tambaya wani ɗan hoton duniya ne zagayayye, ga shi na zana miki a gefen takarda. Na danna shi, ba suna ko ɗaya. Ba nawa, ba na maƙwabta, wayam.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa ta ɗan sosa mini rai. Shekara arba'in nake riƙe da gidan nan, ko cokali ba ya kwana inda ba wurinsa ba. Kowane abu yana inda ya kamata ya kasance. Ba wanda ya ja komai.

Ɗazu maƙwabcinmu Si Lazhar ya shigo shan shayi. Kin san shi, tun da ya bar aikin gidan waya ya zama likita, lauya da makaniki. Ya ce akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, in aka soka abu mai tsini komai zai koma sabo fil, wai haka ya yi a gidan 'yarsa. Ya tafi ɗauko tabaraunsa, zai dawo da la'asar. Na ce masa sai na ji daga gare ki, amma kin san Lazhar.

Baffanki

*

Montiriyal, Laraba

Baffa,

Gaisuwa a gurguje. Don Allah don Annabi kada a taɓa ramin nan. Yana goge duk abin da aka saita ne, har wayar Inna za ta rasa intanet. Ina cikin taro saƙonka ya shigo, kuma la'asar ɗinku hantsinmu ne, Allah ya sa ban makara ba. Ka ba Si Lazhar shayi na biyu da na uku, ka zaunar da shi nesa da akwatin.

Tun da ba suna ko ɗaya, ina zargin ɗan abin nan baƙi mai kamar yatsa da na soka a bayan kwamfutar, shi ne ke jawo mata sabis. Ka zare shi ka soka a ramin da ke kusa. Zanenka ya yi kyau, amma hoto nake so. Inna ta ɗauko mini fuskar kwamfutar.

Ulfa

*

Montiriyal, Lahadi

Baffana,

Ina gaishe ku, ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Yau kwana huɗu saƙonnina ba sa shiga. Ina rubuta wannan ne ko da ba za ta iso yau ba, don na kasa riƙe ta a ciki.

Rashin shigar saƙo bai ba ni tsoro ba, na san Si Lazhar ya riga ni. Abin da ya tsorata ni maganar Inna ce. Sau uku ina kiran layinta. Na farko ta ce tana da tukunya a wuta. Na biyu ta tambaye ni ko ana ruwa a nan. Na uku da na matsa mata, sai ta ce, “Baffanki ya ce a bar maganar tukuna,” ta kashe. Inna da ba ta ajiye waya sai kati ya ƙare.

Na koma kan wasiƙarka ta farko na karanta ta ya fi sau goma. Ka ce ba ƙin sa kake yi ba. Amma na san halinka, ba ka iya ce wa mutum a'a a fuskarsa, sai ka bari wani dalili ya faɗa maka. In ka ji wani abu ne game da Mu'iz ko danginsa, ka gaya mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Kada ka bar kwamfuta ta yi maka magana. Mahaifinsa ya riga ya nemi motar da za ta kawo su, mahaifiyarsa ta sa a yi kayan zaƙi tire uku. Ban gaya wa Mu'iz komai ba, amma yana ganin idona.

Ina cikin damuwa ƙwarai, Baffa.

'Yarka,
Ulfa

*

Nafta, Litinin

'Yata, 'yar ɗan'uwana,

Lafiya muke, lafiya lau, ki share hawayenki. Yanzun nan saƙonninki suka zubo gaba ɗaya. Na karanta na Lahadi sau biyu, raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Ban ji komai game da yaron ba sai alheri. Maganar da na ce a bari ta akwati ce. Kunya ce ta rufe mini baki, ba wani abu ba.

Ga yadda aka yi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Lazhar ya dawo da tabarau da ƙayar dabino tsawon yatsa, ya yi bismillah ya soka. Fitilun akwatin suka yi ta ƙifta ido, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ungozoma. Can sai ga Innarki ta taso daga kicin da ludayi a hannu, matar da take kallo a waya ta daskare da albasa a hannu. Ban ji abin da ta faɗa wa Lazhar ba, amma na karanta a bakinta, kuma ba zan rubuta shi a takardar da na fara da sunan Allah ba.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Wannan ga kurma ba horo ba ne, ita ma ta gane, sai ta koma ba ni ɗumamen taliya safe da rana. Ni kuma na sa ta rantse ba za ta gaya miki ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ba rabin garin nan ruwa, a ce ya kashe akwatin da bai kai kwanon sha ba? Na ce mu da Lazhar za mu tayar da shi kafin ki sani. Mun yi kwana uku muna zare wannan muna soka wancan.

Yau da safe ba ta ce da kowa komai ba, ta naɗe akwatin a mayafi ta sa a kwandon cefane, ta kai wa wata mata mai shagon wayoyi a bakin kasuwa. Matar ta saita shi kafin Innarki ta gama ba ta labarin Lazhar, ta kuma nuna mata lambar sirrin da ke manne a ƙarƙashinsa. Yanzu waya ta dawo, an dafa mini miyar kifi.

Kwamfutar dai tana nan yadda take. Na canza wa ɗan baƙin abin rami, duniya ce har yanzu. Ga hoton da kika nema. Na ce ta matso, ta ce daga bakin ƙofa ya fi fitowa. Saura kwana huɗu.

Baffanki mai laifi

*

Montiriyal, Talata

Baffana,

Alhamdu lillahi. Na yi kuka na yi dariya a kan wasiƙa ɗaya, har abokiyar aikina ta miƙo mini ruwa. Ka gai da Inna, ka ce Allah ya yi wa nisan da ta tsaya albarka, don fuskar kwamfutar ko ganinta ba na yi, amma na ga duk ɗakin.

Baffa, tulunan ruwa nake gani a bayan tebur. Ga alkuki mai koren fenti, ga tabarmar kaba. Wannan ai ɗakin bazara ne na ƙasa! Ni a ɗakin hunturu na sama na kafa maka kwamfutar, taku uku daga akwatin. Kun sauko da ita ranar da kuka sauko da katifu, ko ba haka ba? Shi kuwa akwatin yana can sama inda layin ya shigo. Tsakaninsu akwai tsakar gida, da bene, da bangon Kaka mai kauri kamu biyu. Bangon da ya hana zafin Nafta shiga, sabis ne zai ratsa shi?

Ba kai kaɗai ne da laifi ba. A gidan nan na girma, ni nake ɗaukar matasan kai in an tashi saukowa. Shekara takwas a ɗaki ɗaya rani da damina sun mantar da ni cewa a gidanmu kaya ma suna ƙaura. Na ji kunyar kaina, kuma kewar gida ta kama ni.

Magani biyu ne. Ko a mayar da ita sama, ko ka je wurin matar nan ka ce ta ba ka kebul na intanet mita talatin. Ka soka bakinsa ɗaya a bayan akwatin, a ɗaya daga ramukan rawaya da ke jere, ɗaya bakin a bayan kwamfutar. Za ka ji ya yi ƙas. Af, na manta, za ka ji shi a yatsa.

'Yarka,
Ulfa

*

Nafta, Laraba

'Yata,

Muna lafiya, muna gaishe ki. Da farko, ban yi miki ƙarya ba. Kin tambaya ko an ɗauke abu daga wurinsa. In zafi ya shigo, wurin kowane abu ƙasa ne. Da na bar ta a sama, a nan ne za a ce ba ta wurinta.

Maganar mayar da ita sama kuwa ki bar ta. In zaunar da surukai a ɗakin hunturu a wannan wata, ai sai su zaci gasa su na yi niyya. Baƙon bazara a ɗakin bazara ake karɓarsa.

Amma ki ji wannan. Da na gaya wa Innarki abin da kika gano, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar waken lentil ba. Ta ce ai kowa ya san ɗakin nan ba ya kama sabis, shi ya sa take yin ƙailula a ciki, 'yan'uwanta ba sa samun ta. Na ce kwana goma kina kallon muna wahala? Ta ce, “Wa ya tambaye ni? Ku da kuke da Lazhar.”

Na sayo kebul. Mai shagon ta ce a huda bango, na ce bangon mahaifina ba mai huda shi ina da rai. Na bi da shi yadda ake bi da ruwa, ta inda hanya take. Ya fito ta tagar sama, ya bi gefen bene, ya ratsa tsakar gida ta kan igiyar shanya, ya shiga ta kafar iska da ke saman ƙofa. Lazhar na ba shi riƙon tsani, da sharaɗin hannunsa biyu su zauna a kai. Na soka, na ji ƙas ɗin a yatsa, duniyar nan ta ɓace. Na danna, ba zobe ba jira.

Na san kina wurin aiki. In kin tashi ki kira, ina nan zaune a gabanta.

Baffanki

*

Nafta, Asabar

Zuwa ga 'yata Ulfa,

Sallama, da barka da arziki. Mun tashi lafiya, gajiya ce kawai. Baƙi sun isa Susa lafiya, mahaifin Mu'iz ya kira. Mutanen kirki ne, sun ci sun ƙara, ƙanensa har ya nemi a ƙulla masa ragowar kuskus. Innarki tun jiya take yawo gida gida da kayan zaƙi, gwiwa ta manta da ita.

Zan iya kiran ki yanzu, amma akwai abin da ba na so in faɗa da baki, don in na yi magana duk unguwa ke ji.

Jiya kin ga na sa a yi fatiha ban yi wa yaron tambaya ko ɗaya ba. Na ga mamaki a fuskarki. Ki sani tambayoyi bakwai na rubuta, suna cikin aljihun jabbata har yanzu.

Kin tuna da kuka fito a fuskar kwamfutar, kuna zaune a falon gwaggonsa, makirfonku a kashe ba ku sani ba? Ɗakin nan ya rikice. Mahaifinsa yana ɗaga murya, ƙannen mahaifin suna nuna kunne, Lazhar ya miƙe zai gyara, Innarki ta tare shi da tire. Kowa na cewa ba a ji. Ni kuwa ina zaune daf da gilashin, ban rasa komai ba. Karo na farko ke nan cikin shekaru da yawa da ni kaɗai nake ji, sauran jama'a duk kurame.

Kin hango ni, kin hango ɗakin, sai bakinki ya fara rawa. Yaron bai kalli kyamara ba, bai gyara wuyan riga ba, ko kula da cewa surukinsa na kallon sa bai yi ba. Ya juyo gare ki ya miƙo miki hankici, ya ce, “Yi kukanki, ba sauri muke yi ba. In kin gama sai ki yi wa Baffa murmushi, ya daɗe bai gani ba. Ke ya zo gani kafin ni.”

Na duba tambayoyina a zuci, ban ga wadda za ta gaya mini abin da ya fi wannan ba. Duk amsar da zai ba ni shiryayya ce, ya kwana yana bita. Wannan kuwa bai san akwai mai ji ba. Na tuna ɗan'uwana, na ji nauyin da na ɗauka shekara ashirin da biyu ya sauka, kuma farin ciki ya cika ni. Da muryarku ta dawo, hannuna yana sama.

Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya nuna mini ku a tsakar gidan nan.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, har mahaifinsa. Ke ma kada ki gaya wa Mu'iz. Ki bar shi ya ci gaba da zaton Baffanki kurma ne.

Wassalam, ni ne naki har kullum,
Belgasim